Goron Shekarar Malam Bawa

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka riga ka sauka Kaduna lafiya, kai da matarka Zainabu. Allah Ya tsare muku hanya tun daga tashar Ƙaura har ƙofar gidan da aka ba ka, Ya kau da idon mugu daga motar da kuka shiga, Ya sa ka shiga sabon aikinka da ƙafar dama.

Na san za ka ce, Baba da muka wuni tabarma ɗaya, me ya hana shi faɗa mini da baki? Ka san halina. Idan na buɗe baki zan yi maka nasiha, sai ta koma faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "to, Baba, to, Baba", alhali hankalinka yana kan wayarka. Shi ya sa na zauna yau bayan la'asar a gindin mangwaron bayan gida, kuna can kuna ɗaure kaya, na ɗauki biro. Takarda ba ta ɗaga murya.

Kai ne na ƙarshe da zai fita. Yayyenka sun watse tun tuni, mahaifiyarku kuma shekara tara ke nan tana kwance, Allah Ya jiƙanta. Daga gobe gidan nan mai ɗaki bakwai ni kaɗai ne a cikinsa, sai rediyo, sai jikokin kajin da ta bari. Ba na faɗa don ka ji tausayina ka fasa tafiya ba. Ina faɗa ne don ka san wanda yake rubuto maka mutum ne da ya samu lokacin zama ya tuna abin da ya ɓata.

Ka ce mini gidan yana da fili da shuke-shuke da mai ba su ruwa, kuma Zainabu za ta nemi wadda za ta riƙa taya ta aiki. Da ka faɗa kana murmushi, ni kuwa tsohon laifina na tuna. Kan wannan kaɗai zan yi maka magana. Zancen salla da riƙon amana da haƙuri da mace kun sha jinsa a wurin malamanku, kuma sun fi ni iya faɗarsa.

Ka tuna abin da mahaifiyarka take kira goron shekara? Wataƙila kana yaro ba ka lura ba. Idan kaka ta yi, an gama shigo da gero da dawa an zuba rumbu, sai ta ware rana ɗaya. Mutum biyu ne ke mana aiki a lokacin. Akwai Inna Ige, mutuniyar Ɗan Isa, wadda take daka da wanki da shara, ita ce ta goya ka lokacin da mahaifiyarka take jinya. Akwai Malam Bawa na Banga, mai lambu, wanda yake zuwa a kan keke kowace safiya ya kula da rijiya da itatuwa da kunyoyin albasa da alayyafo. Kowannensu yana da albashinsa na wata, ba a taɓa riƙe musu ba. Goron shekara daban ne. Inna Ige turmin atamfa da 'yan kuɗi da sabulu, Malam Bawa dami biyu na gero da yadin riga. Takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta dama fura da kanta, ta kira su ɗaya bayan ɗaya, a daɗe ana hira ana dariya kamar ba ranar aiki ba.

Ni a lokacin ina ganin ɓata lokaci ne. Na yi shekara talatin ina akawu a tashar jirgin ƙasa, tun jirgi yana zuwa Ƙaura har ya daina zuwa. Aikin ya koya mini cewa idan an biya mutum haƙƙinsa an gama da shi. Nakan ce mata, "Ke dai kina son bidi'a. Ba ana biyan su ba?" Sai ta ce, "Ana biya, Alhaji. Wanga ba biya ba na." Ban taɓa tambayar ta mene ne ba in ba biya ba. Da ta rasu abin ya dawo hannuna, sai na nuna ban fahimci komai ba.

Kuskurena na farko jinkiri ne. Shekarar da ta rasu kaka ta zo ta wuce ban ce uffan ba. Ban manta ba. Cewa na yi bari sai wake ya yi tsada na sayar, in yi komai gaba ɗaya. Inna Ige tana zuwa kullum, tana share ƙofar ɗakina, tana gaishe ni, ba ta ce komai ba. Sai da aka shiga wata na uku bayan kaka na miƙa mata. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, sannan ta ce a hankali, "Allah Shi saka, Alhaji. Da ya zo da wuri da na kai ma jikata zanen suna. An yi sunan tun watan jiya, hannu wohi nit tahi."

Na ce, "Haba Ige, me ya sa ba ki tambaya ba?"

Ta dube ni kamar na yi maganar yara. Ta ce, "Alhaji, goro ba a tambaya tai. Hajiya ba ta taɓa bari munka tambaya ba."

Ashe tun farkon damina ta riga ta yi wa 'yarta alkawari, don ta san lokacin da abin yake zuwa. Ni ina kallon kasuwar wake, ita tana zaune cikin matan suna ba ta da abin ajiyewa a gaban mai jego. To ka ji, Auta. Idan ka saba wa mutum da alheri a ƙarshen shekara, ya riga ya gina wani abu a kansa, ko da bai faɗa maka ba. Ka tsayar da lokaci, ka riƙe shi. Ku masu albashi shekararku tana ƙarewa da Disamba, to kada watan ya mutu ba ka ba su ba. Ko kaɗan ne, ka bayar a kan kari. Mai aiki a gidanka ba zai tambaye ka ba, kunya ba za ta bar shi ba, kuma shirunsa ba ya nufin ba ya jira.

Shekara ta biyu na ce na gyara. Tun ranar da aka rufe rumbu na sa kuɗi a ambulan, na rubuta suna a baya kamar yadda muke yi a ofis, na ba yayarka Hadiza na ce ta miƙa musu. Har ƙari na yi a kan na mahaifiyarka, ina ta jin daɗin kaina. Washegari Inna Ige ta gode mini irin godiyar da ake yi wa baƙo. Malam Bawa ya ɗaga hannu daga cikin lambu ya ce an gode, ya ci gaba da jan guga. Raina ya ɓaci. Na ce wa Hadiza mutanen nan ba su da godiyar Allah.

Hadiza ce ta fahimtar da ni, don ita ta sha zama gefen tabarmar nan. Ta ce idan mahaifiyarku ta kira Inna Ige, ba kayan take fara turawa ba. Sai ta ce, "Ige, ban manta ranar da ruwa ya ci katangar baya kika kwana biyu kina kwashe laka ba." Idan Malam Bawa ne ta ce, "Malam, lemun nan da kowa ya ce ya mutu, kai ka tashe shi." Kowace shekara sai ta nemo abu ɗaya ko biyu da mutum ya yi, wanda yake zaton ba wanda ya gani, ta faɗa masa a gaban idonsa. Bayan nan ne kaya suke biyowa. Ni na aika kuɗi ba magana, ta hannun yarinya, kamar mai biyan kuɗin lantarki.

Saboda haka ka bayar da hannunka. Kada ka bari a kan tebur, kada ka tura ta waya ka yi shiru, kada ka ba direba ya kai. Ka zauna, ka kira mutum da sunansa, ka faɗa masa abin da ka gani. Wannan zai tilasta maka ka riƙa lura da shi tun farkon shekara. Ka gaya wa Zainabu ma, don ita ce za ta fi zama da mai aikin cikin gida.

Waɗannan biyun ƙanana ne, an yafe mini su. Na ukun ne ya sa na ɗauki biro.

Shekara ta uku damina ba ta yi kyau ba, kai kuma ka samu shiga jami'a, hannuna ya yi ƙunci. Ka san al'ada, idan an ɗaure gero a gona ana fitar da zakka, dami ɗaya cikin kowane goma, a kawo ƙofar gida a raba wa mabuƙata. An jera dammunan zakka a bakin zaure. Ina tsaye ina kallonsu, sai akawun nan da yake cikin kaina ya yi mini raɗa. Ya ce, ai Bawa ma talaka ne, keke gare shi ba mota ba. Ka ba shi dami biyunsa daga nan, ka ga zakka ta fita, goron shekara ya fita, rumbunka bai ragu ba. Wallahi Auta, a lokacin gani na yi na yi dabara.

Mutane sun taru a ƙofar gida, tsofaffin mata da wani makaho da muke ba duk shekara. Na aika aka kira Malam Bawa daga lambu. Ya fito da laka har gwiwa, ya naɗe ƙafar wando. A gaban kowa na nuna masa na ce, "Malam Bawa, ɗauki biyu nan, goron shekararka ke nan."

Ya tsaya. Ya dubi dammunan, ya dubi mutanen da suke zaune a ƙasa suna jira, ya dube ni. Ya ce, "Alhaji, wanga geron daga ina yah hito?"

Na ce, "Na zakka ne mana. Ai duk gero ne."

Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "To. Ni ma shekaranjiya nih hidda tawa, can Banga. Dami ukku."

Ya sunkuya ya ɗauki dami biyun, ya kai su gaban wata tsohuwa ya ajiye, ya ce mata ta yi wa Alhaji addu'a. Ya koma lambu. Ina jin ƙarar guga har azahar, sai da ya ba kowace kunya ruwa ya gama. Ya wanke garwa ya kife, ya naɗe igiya ya rataye a inda take, ya jawo kekensa. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce, "Alhaji, a yahe muna." Na ɗauka sallamar kullum ce.

Bai dawo ba. Shekara ashirin yana ba itatuwan gidan nan ruwa.

Ka ga abin da na yi? Mutum ne mai gonarsa, mai rumbunsa, mai fitar da zakkarsa kamar ni. Yana zuwa lambuna ne da sana'ar hannunsa, kuma goron shekara shi ne ranar da gidan nan yake ce masa mun ga aikinka. Ni kuwa na ɗauke shi daga nan na zaunar da shi a layin masu karɓar sadaka, a gaban jama'a, da lakar lambuna a ƙafarsa. Sannan na cuci waɗanda suke zaune, don geron haƙƙinsu ne, na so in biya buƙatar kaina da shi. Da na kai wa limamin unguwarmu zancen ina neman ya goya mini baya, cewa ya yi, "Alhaji, ba a kare dukiya da zakka."

Kada ka taɓa haɗa su, Auta. Zakka hanyarta daban, sadaka hanyarta daban, abin da za ka ba wanda ya yi maka aiki shekara guda kuma daga cikin naka zai fito, wanda ka so ka ci da kanka. Kada ka ba shi kwancen rigarka ka kira shi goron shekara. Kada ka ba shi a gaban baƙi don a ce kana da kirki. Idan hannunka ya yi ƙunci irin nawa na wancan lokaci, ka kira shi gefe ka ce bana abin kaɗan ne, ga shi, ka yi haƙuri. Da na ba Malam Bawa dami ɗaya daga rumbuna na faɗa masa gaskiya, da har yau yana nan.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ban bi shi ba. Banga ba nisa gare ta ba, da na hau mashin da kafin la'asar na je na dawo. Girman kai ya ce mini zai dawo da kansa idan ya ji babu. Inna Ige ta faɗa mini sau ɗaya, tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba: "Alhaji, kai ad da tahiya, ba shi ba." Na yi kamar ban ji ba. Na ɗauko wasu masu ban ruwa, wannan ya yi wata biyu, wancan ya yi uku. Gwaiba ta bushe, lemun da ya tasa ya sake mutuwa. Sai mangwaron nan mai aure kaɗai ya tsaya, wanda shi ya ɗaura masa reshe da hannunsa shekarar da aka haife ka. Na sayi yadin shadda a kasuwar Shinkafi na ce zan kai masa bayan salla. Sallar ta wuce, wata ma ta wuce. Ana haka zaman ƙauye ya gagara, mutane suka yi ta barin gonakinsu, na ji an ce ya kwashe iyalinsa ya tafi, ba wanda ya san ina. Idan ka ɓata wa na ƙasa da kai, ka je a ranar. Kowace rana da ka ƙara tafiyar tana ƙara nauyi.

Inna Ige ta tsufa ta koma wurin ɗanta a Ɗan Isa. Watan jiya ta zo asibiti ta biyo ta gaishe ni, muka zauna a nan inda nake zaune. Ita ce ta ce mini ta haɗu da ƙanwar matar Malam Bawa, an ce yana Kaduna wurin 'yarsa, yana sayar da dashen itatuwa a leda a bakin titi, kusa da babbar gadar kogi. Ba gona, ba rumbu. Kwana uku bayan nan takardar aikinka ta zo, aka ce Kaduna. Ban gaya maka ba, amma na shiga ɗaki na yi kuka.

Ga abin da nake roƙonka. A cikin kayan da za a ɗaura muku akwai buhu ɗaya da na ce na Hadiza ne. Ba nata ba ne, ƙarya na yi maka don kada ka tambaye ni a gaban Zainabu. Geron bana ne, sussukar dami biyu, daga cikin rumbuna, bayan an fitar da zakka an raba ta ƙaf. A samansa akwai yadin shaddar nan, har yanzu yana cikin takardarsa. A ƙarƙashin wannan wasiƙa kuma za ka ga wani ƙunshi cikin jiƙaƙƙen tsumma. Rassan mangwaronsa ne guda goma, gobe da asuba zan yanko su kafin ku tashi, yadda na sha ganin yana yi. Mai dashe ya san darajarsu, zai ɗaura su a kan nasa. Amma ba sa jure kwana da yawa. Kada ka ce sai ka huta, kada ka ce sai ka gama shirya gida. Washegarin saukarka ka yayyafa musu ruwa ka fita nemansa. Dogo ne, baƙi, yatsansa na hagu ɗaya ya lanƙwashe, kuma ba ya iya wuce busasshen ganye bai tsinke shi ba.

Tsorona ɗaya ne. A da, da yake da rumbunsa, ya ƙi karɓa don na mai da shi mabuƙaci. Yanzu da ya rasa komai, duk abin da aka miƙa masa zai yi kama da sadaka. Saboda haka kada ka tsaya da mota a gabansa ka sa a sauke buhu mutane suna kallo. Ka sauka da ƙafa, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce kai ne Autan Hajiya na Ƙaura. Rassan za ka fara ba shi. Idan ya kwance tsumman zai gane itacensa, ba sai ka faɗa ba. Sannan ka ce masa Baba ya ce komai na lambu ya mutu sai abin da ka ɗaura, kuma duk bazara unguwa guda take sha. Ka ce Baba ya ce ya ga aikinka, tun a lokacin ya gani, bakinsa ne ya yi nauyi. Bayan nan ka tambaye shi inda yake zaune, ka kai buhun can gida, ka ce goron shekararsa ne, daga rumbu ya fito, ya makara shekara shida.

Idan ya karɓa, ka kira ni ko ina masallaci ne. Idan ya ƙi, kada ka matsa masa, yana da gaskiya. Ka bar masa rassan kawai, waɗannan dama nasa ne.

Allah Ya yi maka albarka, Ya yi wa Zainabu albarka, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin gari. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙarƙashinka, Ya sa ka fi ubanka sanin darajarsu. Kada ka damu da ni, ina da abinci, maƙwabta suna leƙowa. Zan riƙa ba mangwaron ruwa da kaina, wayata kuma tana cikin aljihun gaba.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
daga Ƙaura Namoda.